Darasi Na Tara: Shaƙuwar Yaro Da Mai Renonsa

Manufar darasi

Ana so, in an gama wannan darasi, ɗalibi ya san yadda yaro ke shaƙuwa da mai renonsa, ya gane abubuwan da kan tauye wannan shaƙuwa a gidajenmu, ya iya shaida alamun yaron da abin ya shafa, kuma ya san irin taimakon da ya wajaba a kan dangi da maƙwabta da shugabanni ga gidan da ke riƙe da irin wannan yaro.

1. Yadda shaƙuwa ke kafuwa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan da ake goyo, a nan Gozaki ko a Kafur ko a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi da Funtuwa, ya san cewa wajen wata bakwai zuwa tara da haihuwa, jaririn da a da kowa ke ɗauka yana dariya yakan fara ƙyuya, ya ƙi hannun baƙo, ya liƙe wa mutum guda, in kuwa mutumin nan ya ba shi baya, ko da bakin randa za shi ya ɗebo ruwa, sai yaro ya ɓarke da kuka. Mata sukan ce ya fara sanin mutane, kuma gaskiyarsu, gama bayan watanni yana jin yunwa ana ba shi mama, yana jin ɗari ana lulluɓe shi, yana firgita ana rarrashinsa, zuciyarsa ta riga ta sakankance cewa akwai wani taliki a duniya wanda in ya kira shi zai amsa. Wannan sakankancewa ita ce shaƙuwa, kuma a kanta ne yaro ke ɗora amincewa da mutane, da iya haɗiye fushi, da ƙarfin zuciyar koyon sabon abu.

Ku lura da yaro mai rarrafe a tsakar gida ranar da ake surfe. Yakan bar gindin uwarsa ya nufi turmi, ya taɓa, ya waiwayo ya ga tana nan, sa'an nan ya ƙara gaba ya damƙi dusa ya kai baki. In zakara ya yi cara kusa da shi ya firgita, sai ya rarrafo da sauri ya faɗa cinyarta, ita kuwa ko taɓaryar ba ta ajiye ba, ta shafa kansa da hannu ɗaya ta ce, "Yi shiru, ɗan Baba, ba komai." Kafin a jima ya share hawaye ya sake fita. Wannan fita da komowa, wadda ake yi sau da yawa a yini ba wanda ya damu da ita, ita ce shaidar lafiyar zuciyar yaro. Saboda haka ƙyuya ba aibi ba ce, kuma ba a dukan yaro dominta.

2. Abin da masu bincike suka gano

Malaman zamani ba su mai da hankali sosai ga wannan mas'ala ba sai da yaƙi ya cika ƙasashen Turai da marayu. Wani likita ɗan Ingila, John Bowlby, wanda ya rayu daga 1907 zuwa 1990, ya binciki yara 44 da aka kai asibitinsu a Landan saboda sata, ya buga sakamakon a 1944, inda ya nuna cewa 14 daga cikinsu ba su da ƙaunar kowa a zuci, kuma 12 daga waɗannan 14 an raba su da uwayensu na tsawon lokaci tun suna ƙanana. A 1951 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga rahotonsa a kan yaran da suka rasa gidajensu, wanda a ciki ya kafa hujja cewa kulawa mai ɗorewa daga uwa, ko daga wadda ta tsaya a madadinta, lalura ce ga lafiyar hankalin yaro.

Abokiyar aikinsa, Mary Ainsworth, a Afirka ta yi nata binciken. A 1954 da 1955 ta riƙa ziyartar gidaje 26 a ƙauyukan da ke kusa da Kamfala ta ƙasar Yuganda, tana zama tana kallon yadda mata ke reno, har ta fahimci cewa matan da suka fi gane abin da jariri ke nufi da kukansa da motsinsa, su ne 'ya'yansu suka fi natsuwa, suka fi ƙarancin rigima. Daga baya, a 1972, wani likitan Ingila, Michael Rutter, ya yi wa maganar Bowlby gyara mai fa'ida, ya nuna cewa mafi yawan illar tana zuwa ne daga husumar da ke cikin gida kafin rabuwa da bayanta, da kuma rashin wani tsayayyen mutum da zai maye gurbin wanda aka rasa.

Hujja mafi nauyi kuwa daga Romaniya ta fito. Da gwamnatin ƙasar ta faɗi a watan Disamba na 1989, duniya ta ga dubban yara a gidajen marayu na hukuma, inda ma'aikata kaɗan ke kula da yara masu yawa, wannan ya tashi aiki wancan ya karɓa, babu yaron da ke da wani nasa na kansa. A shekara ta 2000 aka fara bincike a Bukares a kan 136 daga irin waɗannan yara, aka ba da rabinsu riƙo ga iyalai, aka yi ta bibiyarsu shekara da shekaru, sai aka tarar waɗanda suka shiga cikin iyali sun fi waɗanda suka zauna gidan marayu shaƙuwa da kaifin hankali, musamman waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara 2. Abu biyu ke nan muka koya: ciyarwa da tufatarwa kaɗai ba su isa reno ba, kuma abin da ya ɓaci yana gyaruwa, amma gwargwadon saurin da aka yi, gwargwadon sauƙin gyaran.

3. Gidan Bahaushe mai hannuwa da yawa

Wataƙila ɗalibi ya ce wannan duk zancen Turawa ne, waɗanda mace da mijinta kaɗai ke zama a gida, alhali mu a nan ɗa na kowa ne. To, an yi binciken a ƙasarmu ma. A 1977 wasu malamai daga Amurka, cikinsu har da Robert LeVine da Sarah LeVine, suka buga abin da suka gani game da jarirai 18 a wani garin Hausawa na Arewacin Nijeriya. Sun tarar kowane jariri ya shaƙu da mutum fiye da ɗaya, galibi uku ko huɗu, amma duk da haka akwai guda da ya fi kowa a wurinsa, wanda shi yake nema in ya firgita, kuma yawanci shi ne wanda ya fi ɗaukarsa da yi masa wasa. Ashe ke nan yawan hannuwa ni'ima ce, matuƙar dai a cikinsu akwai hannu guda tabbatacce da ba ya canzawa.

Kakanninmu sun san wannan, ko da ba su rubuta shi ba. Al'ada ta hana uwa faɗin sunan ɗanta na fari, ta hana ta yi masa wasa a gaban mutane saboda kunya, amma al'adar nan ba ta bar yaro a wofi ba, gama ta tanadar masa kaka mai kiransa mijinta ko kishiyarta tana tsokanarsa, da goggo, da abokiyar zaman uwarsa, da yayye mata masu goyo da majanyi. Tsohuwar nan Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ita kanta ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi har suka girma a hannunta.

Inda matsala take a yau shi ne, gandu yana watsewa. Saurayi yakan yi aure ya kama hayar ɗaki a Funtuwa ko Kaduna, amarya ta haihu, ta gama wankan jego a gidansu ta komo, ga kunyar ɗan fari ta biyo ta, amma kaka da goggo suna can ƙauye. In ta ci gaba da kawar da kai daga yaron kamar yadda ta ga ana yi a gidansu, alhali babu mai cike gurbin, to, yaro ya rasa ta nan, ya rasa ta can. Wanda ya riƙi rabin al'ada ya saki rabi, ya cuci yaro ba da niyya ba. Mace a irin wannan hali wajibi ne ta dubi idon ɗanta, ta yi masa magana, ta yi masa wasa, ko da a cikin ɗaki ne inda ba mai ganinta.

4. Abubuwan da kan tauye shaƙuwa

Na farko shi ne mutuwar uwa, musamman wajen haihuwa. Ba a tsere wa ƙaddara, amma abin da ke biyo bayanta yana hannunmu: in dangi suka yi ta miƙa jariri, wata guda wurin inna, wata biyu wurin goggo, sa'an nan a mayar wa matar uba, to, kowace miƙawa sabon maraici ce.

Na biyu shi ne yaye na farat ɗaya. Bisa al'ada, ranar yaye akan karɓo rubutu wurin malam, uwa ta shafa maɗaci a mama, kaka ta zo ta saɓa yaro a baya ta tafi da shi garinsu, sai bayan kwanaki ko makonni a komo da shi, wani ma zamansa ke nan a can. In yaron ya saba da kakar tun da farko, abin yakan zo da sauƙi. In kuwa bai san ta ba, a rana guda ya rasa mama, ya rasa bayan da ake goya shi, ya rasa ɗakin da ya sani da muryar da ke sa shi barci. Abin ya fi tsanani ga wadda ta yi kwanika, gama akan cire yaro ba shiri don tsoron nonon mai ciki, alhali ma'aikatan lafiya sun tabbatar nonon nan ba guba ba ne, kuma yaron da aka yaye haka, ga baƙin ciki ga ƙin abinci, shi ne tamowa ta fi saurin kamawa. Manomin barkono da tumatir ya san ba a fizge iri da tsakar rana. Akan jiƙa ƙasa, a ɗago shi da ƙasar gindinsa, a dasa da yamma, a bi shi da ruwa kwana da kwanaki. Haka ya kamata a yi duk sa'ad da larura ta sa za a sauya wa yaro hannu.

Na uku shi ne saki. Sau da yawa miji cikin fushi yakan ce, "Ɗana ne, ba inda za ki da shi," ya karɓe yaro da zarar an yaye shi, ya damƙa wa wadda ba ta nemi riƙonsa ba, har ma a gargaɗi yaron kada a sake jin ya ambaci uwarsa. Wanda kuwa ya bi uwarsa gidan wani mijin ya zama agola, in bai dace da mai tsoron Allah ba, yakan tashi yana ganin ana ware shi wajen rabon nama da ɗinkin Salla.

Na huɗu shi ne riƙon da ba na ƙauna ba, inda ake ɗauko yarinya daga ƙauye da sunan zumunci, alhali don talla da wanke-wanke da renon 'ya'yan gida aka ɗauko ta. Na biyar shi ne tura yaro ƙarami, ɗan shekara biyar ko shida, almajiranci gari mai nisa, wurin malamin da ke da ɗalibai fiye da yadda idonsa zai iya kewayewa. Neman ilimi farilla ne, amma yaron da bai iya wanke jikinsa ba bai isa barin gaban iyayensa ba, kuma babu garin da ya rasa makarantar allo a ƙasar nan. A 2020, lokacin annobar korona, da gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu a manyan motoci, kowa ya ga ƙanƙantar wasu daga cikinsu.

Na shida shi ne tashin hankalin 'yan bindiga, wanda ya tayar da ƙauyuka a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, inda a daren 11 ga Disamba, 2020, aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya. Yaron da aka tsere da shi cikin dare, ko aka kashe ubansa, ko aka tsare uwarsa a daji watanni, ya ga ranar da manyan da ya dogara gare su suka kasa kare shi, kuma wannan gani ba ya gogewa da wuri.

Na bakwai, wanda ya fi ɓuya, shi ne ciwon uwa ita kanta. Akwai matan da bayan haihuwa baƙin ciki mai nauyi kan rufe su, su kasa barci, su kasa cin abinci, su riƙa kuka ba dalili, jariri na kuka suna kallon bango. Akan ce iska ce, ko a ce lalaci ne, alhali ciwo ne sananne mai magani. Haka kuma gidan da ake dukan uwa a gaban ɗanta, ko wanda mai renon shi ne abin tsoro, yakan bar yaro cikin ruɗu, gama wurin da ya kamata ya gudu ya fake, daga nan ne tsoron ke fitowa.

5. Alamu

Yaran da shaƙuwarsu ta tauye ba hali ɗaya suke nunawa ba. Akwai wanda ya janye jikinsa: in ya faɗi ya fasa gwiwa ba ya neman kowa, in an rarrashe shi ba ya karɓa, ba ya dariya, ba ya haɗa ido. Irin wannan har yabonsa ake yi, a ce yaro ne mai haƙuri, ba shi da rigima, alhali ya fid da rai ne da amsawar mutane. Akwai kuma wanda ba ya bambanta na gida da baƙo, duk wanda ya miƙa masa hannu a kasuwa zai bi ba waiwaye, haɗarin wannan kuwa a bayyane yake. Akwai na uku wanda ke maƙale wa mai renonsa ba ya bari ta motsa, in ta fita ya yi ta kururuwa, in ta komo ya doke ta, ya cije ta, ya ƙi rarrasuwa.

In sun ɗan girma akan ga fitsarin kwance bayan an daina, da firgita cikin barci, da ƙarya a kan abin da bai kai a yi ƙarya ba, da ɗauke-ɗauke, da fushi mai wuce kima. Sau da yawa uwar riƙo takan ɗaga tabarmar yarinya da safe ta tarar da ƙanzo ko guntun tuwo ƙunshe a leda, alhali daren jiya ta ci ta ƙoshi. Nan da nan sai a ce ɓarauniya ce, a ɗauko tsumagiya. Ita kuwa yarinyar ba ta tabbata ba ne ko gobe za a ba ta, domin ta taɓa zama inda ba a bayarwa. Duka yana tabbatar mata da abin da take tsoro. Da uwar riƙon za ta ce, "Ɗiyata, ga kwanonki nan a rufe, naki ne, duk sa'ad da kika ji yunwa ki ɗauka," ta kuma cika alkawarin kullum, da sannu ɓoyon zai ragu.

Sai dai a yi hattara da yanke hukunci. Alama guda ba ta isa hujja ba, kuma kurumta, da tamowa, da farfaɗiya, da wasu larurorin da ake haihuwar yaro da su, duk suna iya sa yaro ya ƙi magana ko ya ƙi haɗa ido ko da an rene shi da cikakkiyar ƙauna. Saboda haka kada a ɗora wa uwa laifi bisa zato; a kai yaro a duba shi tukuna.

6. Abin da Shari'a ta tanada

Malaman fiƙihu sun riga masu binciken zamani zuwa ga wannan maslaha da ƙarnoni, a babin da suke kira hadana. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan, uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗanta bayan saki, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta auri wani, riƙon ya koma ga kaka, sa'an nan ga 'yar'uwar uwa. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna wuyan uba. Wanda ya ƙwace yaro daga uwarsa ba da wani dalili na Shari'a ba, al'ada ya bi, kuma uwar tana da haƙƙin kai ƙara gaban alƙali. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu a matsayin cikar shayarwa, ya kuma sa yaye kafin haka ya zama bisa yardar iyaye biyu da shawararsu.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi kansa maraya ne: mahaifinsa ya rasu tun yana ciki, Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi, mahaifiyarsa Amina ta rasu yana da shekara 6, kakansa Abdul Muɗɗalib ya rasu yana da 8, baffansa Abu Ɗalib ya riƙe shi, Ummu Aimana kuwa, wadda ta rene shi, ta zauna kusa da shi har ƙarshen rayuwarsa. Ya tabbata a hadisi cewa yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma da Aƙra'u ɗan Habis ya faɗa masa cewa yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai ya nuna masa cewa marar jin ƙai ba a jin ƙansa. Don haka magidancin da ke ganin ɗaukar yaro da yi masa wasa zubar da girma ne, ya sake nazari.

7. Taimakon da ya kamata

Ga mai riƙon yaro, abu na farko shi ne tabbata: mutum guda, wurin kwana guda, lokacin abinci sananne. Kada ta sulale ta fita a ɓoye don gudun kukansa. Ta gaya masa za ta je unguwa, za ta komo bayan la'asar, ta kuwa komo. Kada a tsorata shi da cewa za a mayar da shi inda ya fito, ko za a ba da shi ga dodo. A tsawata masa in ya yi laifi, a sa shi ya gyara abin da ya ɓata, amma kada a hore shi da yunwa, ko kulle a ɗaki, ko gaba. A bar shi ya ambaci uwarsa, ya ziyarce ta in tana da rai, ya yi mata addu'a in ta rasu, a kuma bar masa wani abu nata, ko da tsohon zane ne. Mai riƙo ta sani yaro irin wannan yakan gwada ta da mugun hali daidai lokacin da ya fara sonta, don ya ga ko ita ma za ta kore shi, kuma aikin na watanni ne, wani lokaci na shekaru.

Ga dangi, in an yi rasuwa ko saki, a zauna tun da wuri a tsai da wanda zai riƙi yaro, a zaɓi wanda yaron ya riga ya sani, kada a raba shi da 'yan'uwansa in da hali. In za a yi yaye, a rage mama sannu a hankali cikin makonni, a saba masa da kunu da abincin gida, kaka ta zo ta kwana biyu kafin ta tafi da shi. Kuma a tuna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: tsohuwar da aka tara wa jikoki marayu tana bukatar hatsi, da sabulu, da kuɗin magani, da wanda zai karɓe ta ta huta. Lokacin da aka kai amfanin gona gida, masara da dawa sun cika rumbu, an sayar da auduga da waken suya, shi ne lokacin da ya kamata a fitar wa irin waɗannan gidaje rabonsu na zakka da sadaka kafin kuɗin su watse. Magidancin da ya tafi cin rani kuma ya bar abin cefane, ya riƙa kira ta waya yana gaisawa da yaran ɗaya bayan ɗaya.

Kada a raina ƙaramin taimako. A birnin Kingiston na ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, aka sa ma'aikatan lafiya na unguwa suna ziyartar wasu daga cikinsu sau ɗaya a mako har shekara 2, suna koya wa uwaye yadda za su yi wa yaran wasa da hira, da kayan wasan da aka ƙera a gida. Bayan shekara 20 aka tarar abin da waɗannan yara ke samu a sana'a ya fi na takwarorinsu da ba a koya wa uwayensu ba da kimanin kashi 25 cikin 100. Irin wannan ziyara ba ta fi ƙarfin ungozoma da malamar Islamiyya da ƙungiyar matan unguwa ba.

Ga mai unguwa da dagaci da liman, haƙƙinsu ne su san gidajen da ke da marayu da 'yan gudun hijira, su shiga tsakani in an yi saki, su tsawata in ana azabtar da yaro. Nijeriya ta kafa dokar kare haƙƙin yara a 2003, Jihar Katsina kuma ta yi tata a 2020, saboda haka cutar da yaro ba sirrin cikin gida ba ne. In yaro ya daina cin abinci, ko yana ramewa, ko ya daina maganar da ya fara, ko yana ji wa kansa ciwo, ko kuwa uwa ta kai ga cewa ta gaji da rayuwa, a gaggauta zuwa asibiti mafi kusa, daga nan a wuce Babban Asibitin Malumfashi ko na Funtuwa, waɗanda in abin ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. A yi addu'a, a kuma nemi magani, gama ɗaya ba ya hana ɗaya.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a ɗaukar ƙyuya a matsayin aibi ga jariri?
2. Mene ne binciken 1977 ya nuna game da jariran Hausawa?
3. Kawo abubuwa huɗu da kan tauye shaƙuwa, ka faɗi wanda ya fi yawa a unguwarku.
4. A mazhabar Malikiyya, wa ya fi cancantar riƙon yaro bayan saki, kuma wa ke ciyar da shi?
5. Bayyana yadda za a yaye yaro ba tare da an firgita shi ba.

Jan hankali

Ya kai ɗalibi, kafin darasi na gaba ka dubi gidanka da gidajen da ke maƙwabtaka da kai, ka ƙidaya yaran da ba sa hannun uwayensu, ka tambayi kanka game da kowane ɗaya: in ya firgita cikin dare, wa yake kira, kuma wa ke amsa masa? In ka sami wanda ba shi da kowa, ka kai maganarsa ga danginsa ko ga mai unguwa a cikin wannan mako. In kuwa yana da mai riƙo amma nauyi ya yi mata yawa, ka rage mata da abin da Allah ya hore maka, ko da tiya guda ce ta masara.